Takardar da Ta Tafi Ita Kaɗai

Ina farawa da sunan Allah, wanda ya san abin da alƙalami ya rubuta, ya kuma san abin da ya tsallake.

A shekarun da masana'antu suka fara yawa a Challawa na yi aiki a wani kamfanin jimar fata. Aikin sashenmu shi ne tsamo fatu daga ramukan farar ƙasa, mu shimfiɗa su, mu kankare gashin. Warin wurin ba ya fita da sabulu. Idan muka shiga motar haya, mutane sukan matsa su bar mana fili, mu kuwa mun daɗe da daina jin komai.

Ni ɗan Zawaciki ne, kuma na yi karatun allo da na littattafai a gaban mahaifina, don haka hannuna ya faɗa da rubutun ajami. Yawancin abokan aikina baƙi ne, daga ƙasar Gumel, da Haɗeja, da tsallaken iyaka. Ranar Lahadi, da ba a aiki, sukan same ni a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu in rubuta musu wasiƙu zuwa gida. Direbobin da ke kawo ɗanyun fatu daga arewa su ke tafiya da su.

Rubutun wasiƙa yana da ladabinsa, kuma mahaifina ya koya mini shi tun ina saurayi. Ba a rubuta mummunan labari da girmansa. Wanda yake kwance, sai a ce ba ya jin daɗi. Wanda ya yi nisa, sai a ce yana jin jiki amma da sauƙi. Dalilinsa shi ne takarda ba za ta iya zama kusa da mutum ta ba shi haƙuri ba, za ta faɗi abin da ke cikinta ne kawai ta bar shi da shi. Idan magana ta yi nauyi, mutum ake tashi ya je da ƙafarsa. Na riƙe rabin farko na wannan koyarwa da kyau. Rabi na biyu ne na saki, a lokacin da ya fi kowane lokaci muhimmanci.

A ramin da nake aiki akwai wani mutumin ƙasar Damagaram, dogo, mai yawan dariya, ya girme ni da 'yan shekaru. Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa, shi kuwa ba ya barin rana ta wuce bai karɓi rabonsa ba. Yakan ce kakanninsa sun sa namu sun rufe ƙofofin gari suna leƙe ta saman ganuwa. Ni kuma in ce ga shi jikan mayaƙa ya zo Kano yana aske wa akuya gashi. Bakano yake kirana, sai in zai sa ni rubutu ne nake zama Malam.

A bakin famfo, wajen alwalar azahar, na fara ganin abin. Wani baƙin tabo ne a ƙarƙashin diddigensa na dama, kamar an ɗiga tawada. Ya ce takalminsa na roba ne ya huje, ruwan rami ya ci wurin. Duk mun yarda, domin babu wanda ruwan nan bai taɓa ci ba a cikinmu. A ɗakin shan magani na kamfani aka shafa masa shuɗin magani aka naɗe. Wata ya wuce, wani ya bi, tabon ya tashi ya yi tudu, ya fara jini idan ya taka. Daga baya aka ba shi takarda zuwa babban asibiti a cikin gari, na raka shi saboda bai san kan birni ba.

Likitan matashi ne, bai daɗe da dawowa daga karatu ba, kuma yana magana a hankali. Ya yanki ɗan ƙanƙanin nama daga wurin aka aika dubawa. Da muka koma bayan makonni, ya sa abokina ya kwanta, ya daɗe yana lalubar matsematsinsa da yatsu. Sannan ya zauna ya gaya mana cewa ciwon daji ne, irin na fata. Ya nuna mana wata mujallar likitoci a kan teburinsa, ya ce masu bincike a ƙasashen waje sun bi marasa lafiya masu irin wannan ciwo, sun gano cewa abin dubawa shi ne zurfin da ya yi a cikin nama, da kuma ko ya hau zuwa kaluluwa. Na abokina ya yi zurfi, amma bai ji kaluluwa ba tukuna. Ya ce yana so ya yanke wurin da faɗi, ya ɗebo fata daga cinya ya rufe. Bai yi alkawarin warkewa ba. Ya ce dai ƙofa a buɗe take yanzu, kuma ba za ta daɗe a haka ba.

Abokina ya yi dariya ya dube ni.

"Ka ji, Bakano. Shekara nawa ina feɗe na wasu, yau tawa za a jeme."

Likita ya miƙo takardar da zai dangwala yatsa a kai. Nan abokina ya janye hannunsa. Ya ce yatsan nasa ne, amma ƙafar ta mahaifinsa ce, tunda tsohon yana raye. A gidansu ko kaciya ba a yi wa ɗa sai da izinin babba, balle a kwantar da mutum a gusar masa da hankali a sa masa wuƙa. Likita bai yi faɗa ba, da alama ya saba jin haka. Ya ce a nemi izinin, amma a yi sauri, ya maimaita kalmar sau biyu yana kallona, don ya ga ni ne mai riƙe da takardu.

Abin da ya kamata shi ne ɗayanmu ya hau mota. Amma abokina ba ya iya doguwar tafiya da ƙafar, ni kuma na je wurin shugaban sashenmu ya ce fatu sun yi yawa a lokacin, wanda duk ya yi kwana uku bai buga kati ba, akwai mutane a bakin ƙofa suna jiran gurbinsa. Ba ƙarya ya yi ba, kullum muna wuce su da safe. Ina da mata da 'ya'ya biyu. Na ce a raina takarda ma za ta isar.

Ranar Lahadi na fere alƙalami na zauna. Na yi sallama da gaisuwa ga tsohon, da iyalin gida, da tambayar damina. Da na iso kan maganar, hannuna ya bi hanyar da ya saba. Na rubuta cewa ɗanku yana nan lafiya, sai dai wani ƙurji da ya fito masa a ƙafa, likita yana so ya ɗan taɓa wurin da wuƙa, ana neman izininku da addu'arku. Ban rubuta daji ba. Ban rubuta sauri ba. Na karanta masa, ya gyaɗa kai ya ce haka ya yi, kada a tayar wa tsoho da hankali yana tsakiyar noma. Na daɗe ina jingina da wannan gyaɗa kan nasa. Amma shi bai san rubutu ba, ni aka kalla aka ce a yi sauri.

Amsa ta ɗauki fiye da wata guda, saboda ruwa ya ɓata hanya kuma direban ya tsaya lodi a wasu kasuwanni. Limamin garinsu ne ya rubuta, da kyakkyawan hannu. Tsohon ya ce ya ji, Allah ya sawwaƙe. Ba ya son a sa wa ɗansa wuƙa a kan ƙurji a garin da ba shi da kowa. Ya ce ɗan nasa ya yi haƙuri har a yi girbi, ya zo gida a duba shi.

Na ce masa mu koma asibiti haka nan, tsohon bai fahimta ba ne. Ya ce a da bai da izini ne kawai, yanzu kuwa an hana shi, kuma bai taɓa tsallake maganar mahaifinsa ba. A ranar na sake rubuta wata. Wannan karon na faɗi sunan ciwon, na faɗi abin da likita ya ce game da kaluluwa, na ce idan an jira girbi wataƙila babu wanda za a duba. Ban taɓa rubuta wa dattijo magana irin wannan ba.

Kafin ta isa ta dawo, abokina ya daina zuwa aiki. Wata rana na je ɗakinsa bayan la'asar, ya kama hannuna ya ɗora a matsematsinsa. Na ji abu mai tauri kamar ƙwallon goriba.

Tsohon bai aiko amsa ba, da kansa ya zo, a bayan motar fatu, ya bar gero a tsaye a gona. Gajere ne, siriri, da sanda. Washegari muka kai abokina asibiti mu biyu. Tsohon ya miƙa babban yatsansa tun kafin a tambaye shi, ya ce ga izini, a yi abin da ya kamata. Likita ya laluba matsematsin, ya danna cikin ta gefen dama, ya sa aka ɗauki hoton ƙirji. Da ya duba hoton, ya je ya wanke hannu, ya daɗe yana wankewa. Sannan ya ce ciwon ya riga ya wuce inda wuƙa take kaiwa. Na tambaye shi ko mujallun nasa ba su faɗi wani abu ba game da wanda ya kai haka. Ya ce ana ta gwada magunguna a can, amma bai ga wanda zai iya kallon idonmu ya ce yana aiki ba. Abin da ya rage shi ne a rage masa zafi, a tsaftace gyambon, kada a bar shi shi kaɗai.

A barandar asibiti tsohon ya zaro takardun nan biyu daga aljihu, a naɗe cikin ƙyalle. Ya tambaya ko ni na rubuta duka biyun, na ce ni ne.

"Malam, ta farkon nan, da na ji an karanta, na so in tsorata. Sai na ce, da abin babba ne, ai da mutum za su turo."

Bai zarge ni ba, a ranar ko bayanta. Har godiya ya yi mini da rakiya.

Wata nas, babbar mace, ta koya mini wanke gyambon da ruwan gishiri da naɗe shi, da yadda ake juya marar lafiya don kada bayansa ya salaɓe. Sati uku abokina ya yi a ɗakinsa kafin a sami motar da za ta koma arewa. Gyambon ya yi wari har maƙwabta suka daina shigowa, suna gaisuwa daga bakin ƙofa. Mutanen raminmu ne kaɗai ke iya zama a ciki, su ci abinci ma a wurin. Masu aikin safe su zo da yamma, masu aikin yamma su zo da safe. Shi da kansa ya lura, ya ce ashe jima tana da rana. Wani lokaci maganin zafin yana kama shi, wani lokaci ba ya kamawa, sai ya cusa bakin bargo a baki, ni kuma in yi ta karanta masa abin da ya sawwaƙa.

Ranar tafiya muka shimfiɗa masa katifa a bayan motar. Ya rame har ina iya ɗaga shi ni kaɗai. Na ce ya yafe mini. Ya ce Bakano bai isa ya yi wa Badamagare laifin da za a riƙe ba, ya yi ƙoƙarin dariya, tari ya hana shi. Bayan wata biyu direban ya tsaya a ƙofar kamfani, ya sauko, ya same ni, ya gaya mini rasuwar abokina da bakinsa. Su ba su aiko takarda ba.

Daga nan na sauya hannu. Wanda ya ce in rubuta rashin lafiya, sai in tambaye shi abin da likita ya ce, in rubuta shi yadda yake. Mutane ba su so haka ba. Suka ce alƙalamina ya yi kaushi, a hankali suka koma wurin wani mai rubutu a Na'ibawa, wanda ya iya sassautawa.

Yanzu ina da jika mace da take aikin jinya a sashen masu wannan ciwo. Takan ba ni labarin abin da bincike ya kawo, magungunan da ke tayar da ƙarfin jiki ya yaƙi ciwon, da aikin da ake yi ba tare da an yanka da yawa ba. Ina saurare, ina cewa Allah ya ƙara sani. Rannan na tambaye ta ko yanzu mutane suna zuwa da wuri, tunda ga waya a hannun kowa. Ta ce a'a, Kaka, yawancinsu sai ya gama hawa suke zuwa. Ta ce tana jin su a baranda suna waya da gida, suna cewa jiki da sauƙi.

Allah ya jiƙan abokina, ya jiƙan mahaifinsa, ya sa ciwon ya zama kaffara. Ni kuma ina roƙon ya yafe mini layi biyun da ban rubuta ba.