Adda Kaltumi, Ban Kalli Allon Ba

Daga Allah muke, gare shi kuma makomarmu take. A ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, Allah ya karɓi ran Dakta Kaltumi Sharif, likitar da ke sa majinyata barci a ɗakin tiyata a nan Garwa, bayan hatsarin mota da ya rutsa da ita kusa da Ngong. Ni Nazira, nas ce da ta daɗe a ƙarƙashinta, kuma ban taɓa iya ce mata Dakta ba, sai dai Adda, wato yaya.

Adda, ke kika koya mini riƙe kai. Idan aka kawo wanda ya faɗo daga babur an ɗaure masa wuya da kwala mai tauri, dole a zura masa bututun numfashi ba tare da wuyan ya motsa ba, domin ɗan motsi kaɗan yana iya kashe masa hannuwa da ƙafafu har abada. Kikan buɗe gaban kwalar, ki ɗora tafukana a gefen kunnuwansa, sannan ki ɗauki tsohon ƙarfenki mai fitila ki leƙa maƙogwaro da idonki. 'Yar mahauta ce ke, kikan yi mana ba'a cewa kin san gaɓoɓin wuya tun kafin ki buɗe littafi.

Da aka kawo sabon ƙarfe mai kyamara, wanda ke nuna maƙogwaro a allo, kun sha musu da Dakta Moïse, ɗalibinki. Shi yana cewa da kyamara ba sai an ɗaga haɓa ba, ke kina cewa jini ɗigo ɗaya ya isa ya makantar da ita. Ba ki yi girman kai ba. Kin zauna ya koya miki, kika yarda cewa ga mai ɗaurarren wuya ta fi sauƙi, amma tsohon ƙarfen bai bar aljihunki ba. Ke ce kuma kika lura da abin da ya shige mana duka: tunda allo ya zo, mai riƙe kai ma sai ya waiga yana kallo, hannunsa ya bi idonsa. Daga ranar kika juya allon ya ba ni baya. Kika ce, "Nazira, ke fuska za ki kalla. Allo namu ne."

Ranar hatsarin, da la'asar aka shigo da ke, kwala a wuyanki, numfashi yana yankewa. Moïse ya ɗauki mai kyamarar, ya ajiye tsohon ƙarfenki a kusa. Ni na riƙe kanki. Raina yana ta ja na in waiga in ga ko bututun ya shiga, amma na kafa ido a goshinki har na ji ya ce an dace.

Kin farfaɗo, Adda, har aka cire bututun. Kika motsa yatsunki, kika kamo hannun 'yarki Su'ad kika riƙe. Da muryarki da ta dushe kika tambaye ni, "Kin kalla?" Na ce ban kalla ba. Kika yi murmushi.

Raunin ƙirji ne ya tafi da ke, ba wuya ba. Mun so ki zauna, Allah ya fi mu son ki. Abin da ke sanyaya mini zuciya shi ne, lokacin da Alhaji Zaharaddin, maigidanki, yake laƙƙana miki kalimar shahada, ke da kanki kika ɗaga yatsa.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki, ya yalwata makwancinki, ya sa kowane numfashi da kika ceto ya zama haske gare ki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Alhaji Zaharaddin da Su'ad da dangi na unguwar mahauta, Allah ya ba su haƙurin rashi. Allon yana nan yadda kika juya shi, babu wanda ya taɓa.