Mundayen Kaka da Ƙofar Banki

Duk sanda na sunkuya a kan keken ɗinki na tura yadi, sai mundayen da ke hannuna su bugi ƙarfen keken, kacau-kacau. 'Yan matan da nake koya wa ɗinki sun ce da wannan ƙarar suke gane na taho, su yi maza su ɓoye wayoyinsu. Ni kuwa tsakar gidanmu na Sabo take mayar da ni, da sassafen damina, ruwa na ɗiga daga tsatsar kwano, ga ƙamshin ɗanyen ganyen da ake naɗe goro da shi, ga Kaka zaune gaban daro tana wanke goron Baba, mundayen nan suna dukan bakin daron.

Kaka ita ce mahaifiyar babana. Mundayen na azurfa ne masu kauri, uwarta ce ta zura mata su ranar da za a taho da ita Ibadan daga arewa, tana amarya siririya. Da ta zo, amala da miyar ewedu suka karɓe ta, ga haihuwa, sai hannu ya cika, mundaye suka ce nan gani nan bari. Ba ta damu ba. Da su take tuƙa tuwo, da su take alwala, da su kuma take dungure min kai in na yi rashin ji, har yau ina jin wurin.

Ina firamare aka buɗe banki a kan hanyarmu ta zuwa Mokola. Kai, ba mu taɓa ganin gini irinsa ba! In an tashi makaranta sai mu je mu raɓe gefen ƙofa, don duk sanda aka buɗe ta wani sanyi ke fitowa ya shafi fuskokinmu. Ƙofar ma abin kallo ce. Akwatin gilashi ne mai cin mutum ɗaya. Ka shiga ya rufe ka, in ba ƙarfe a jikinka ya buɗe ta ciki, in kuwa akwai, sai wata muryar mace ta ce da Turanci ka koma ka ajiye.

A shekarar da Baba ya yi niyyar kai Kaka Makka, aka ce sai ta je bankin da kanta ta dangwala yatsa. Ta sha lalle, ta ɗaura sabuwar atamfa, ta feshe jikinta da turare, ta ce in zo in yi mata tafinta, tunda ni ce mai Turanci da Yarabanci a baki. Ina tafe ina tsalle, yau zan ga inda sanyin nan yake kwana.

Ta shiga akwatin da bisimilla. Muryar ta yi magana, ƙofa ta mayar da ita waje. Ta sake shiga, aka sake koro ta. Ta dube ni ta ce, "Ƙawata, me matar nan take cewa?"

Na ce, "Kaka, wai ki cire mundayenki."

"Ta fito ta cire min."

Maigadin, wani Bayarabe mai ladabi, ya rusuna ya ce, "Mama, e jo, ku yi haƙuri." Ya ce akwai ƙofa ta baya, wajen janareta, zai shigar da ita ta can ba wanda zai sani. Da na fassara mata, sai na ga fuskarta ta canja. Ta ce, "Gaya masa, ranar da aka kawo ni gidan kakanki ta ƙofar gaba na shiga, ana guɗa. Ba zan tsufa in koyi shiga ta baya kamar ɓarawon kaza ba." Sannan ta ɗaga hannuwanta biyu a gaban duk mutanen da ke layi ta ce, "In Allah ya ba ni rai, sai na shiga gidan nan ta nan gaba, da mundayena a hannuna." Layi ya ɗauki dariya. Ƙarshe wani ma'aikaci ne ya fito ya karɓi yatsanta a gindin mangwaron da ke harabar. Ni kuwa na yi ta kumbura har gida, an hana ni sanyi.

Baba ya ce a kira maƙeri ya yanke su a sake haɗawa, ta ƙeƙasa ƙasa ta ce ba wanda zai sa wuta a kan abin uwarta. Ta je Makka ta dawo da su. Duk wanda ya zo yi mata barka sai ta ce, "Na wuce ƙofar jirgi, na wuce ƙofar Harami, ba wadda ta kore ni sai ta Mokola."

Tun daga nan maganar ta zama karin magana a gidanmu. In Kawu ya ce zai daina shan taba, sai a ce, "Sai ranar da Kaka ta shiga banki." In aka ce za a gyara lambatun layinmu, haka za a ce. Da farko tana dariya tare da mu. Daga baya na lura in an faɗa sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsintar goronta. Mace ce da ba ta taɓa faɗin magana ta faɗi ƙasa ba, ga shi jikokinta sun mai da alkawarinta ma'aunin abin da ba zai yiwu ba. Abin ya dame ni, don ni ce na fara kawo labarin gida.

Shekaru suka tafi, na yi aure, na zama tela. Mutane suka koma tura kuɗi ta waya, masu POS suka cika kowace kwana da lemominsu, layin banki ya yi ta raguwa. Wata rana muka wayi gari an kwashe komai, an cire allon suna, sai inuwar haruffa a bango. Ciyawa ta cinye harabar, awaki suka samu wurin kwana, 'yan okada suka mai da gindin mangwaron tasharsu.

Sai Sabo ta ɗauki zance. Masu albasa na kasuwar Shasha suka ce a ba su su yi sito. Samari suka ce gidan kallon ƙwallo ya fi dacewa. Wani ya ce zauren biki, wani ya ce otal. Mu kuwa matan da ke ɗinki a baranda, waɗanda ruwa ke kora ciki da yadin mutane a ka, muka haɗa kai muka je wajen mai ginin, wata tsohuwar Alhaja Bayarabiya. Ta saurare mu ta amince, amma da sharaɗi ɗaya: kada a taɓa ƙofar gilashi, ko wani bankin zai dawo wata rana.

Ranar da aka ba mu makulli na yi ta rawa a tsakar gida kamar yarinya. Sai da muka je shara na gane matsalar. Ƙofar ta mutu tun da aka yanke mata wuta, ta ƙame ba ta motsi. Kowa ta baya yake shiga, ta wajen janareta.

A lokacin Kaka ta kwanta ciwo, damina kuma ba ta yi wa ƙirjinta daɗi. Ta rame har mundayen da suka gagari sabulu da man gyaɗa suka koma zamewa da kansu, sai da ta naɗa musu tsumma don kada su faɗi tana barci. Na zauna bakin gadonta na ce, "Kaka, gidan ya zama namu, ki zo ki sa albarka." Ta ce, "Ta ina ake shiga?" Na ce, "Ta baya." Ta juya fuskarta bango. Na san ba ta da wata daminar da za ta jira.

Washegari na koma wajen Alhaja, na durƙusa har ƙasa yadda Yarabawa ke yi wa manya, na ba ta labari tun daga farko. Tun ban ƙarasa ba ta fara dariya har tana share hawaye da gefen mayafi. Ta ce, "Ashe kakarki ce! Ina cikin layin ranar. Ni ma ƙofar nan ta sha koro ni saboda makullan da ke ƙuguna, a gidana fa! Omo mi, 'yata, kira mai walda."

Ranar da aka cire ta, har masu shayi suka bar teburansu suka zo kallo. Ƙarti suka ciccibe ta suna nishi suka dire ta a gindin mangwaro, kafin la'asar wani mai burodi ya jera kayansa a ciki, ya ce ƙuda ba ya shiga. Iska ta ratsa zauren daga titi, ni kuwa na kama ƙawayena muna ta ihu.

Muka sa buɗewa da safe, bayan an kwana ana ruwa. Kaka ta ce ba wanda zai ɗauke ta. Daga inda mota ta tsaya, Baba da furfurarsa ya riƙe ta ta dama, ni ta hagu. Ta warware tsumman, ta ɗaga hannuwanta sama don kada mundayen su zube, daidai yadda ta ɗaga su ranar alkawari. Matan Sabo suka rangaɗa guɗa, makaɗan da Alhaja ta kira suka saki ganga. Da muka zo gindin mangwaro ta tsaya ta ƙare wa akwatin kallo, ta ce, "Sannu da hutawa. Yau wa ke waje?"

Ta taka ta shiga ta gaba. Wallahi kuka nake ina dariya, ban san wanne ya fi yawa ba. Ta dubi tagogin da a da ake miƙa kuɗi, yanzu kowace da kekenta. Ta leƙa ɗakin ajiya mai kaurin bango, inda muka jera leshi da shaddar amare. Ta taɓe baki ta ce, "Duk abin ke nan? Ko sanyin ma babu." Sannan ta juya ga Baba ta ce, "Sai ku nemi wani karin maganar." Ta sauke hannuwanta, mundayen suka sulale cikin tafina, ta ce, "Ƙawata, sun gama aikinsu a wajena."

Ba ta ga wata daminar ba. Yanzu in na bi ta Mokola ina ganin wasu gine-ginen bankunan a rufe, wani ya zama kantin magani, wani yana jiran mai rabo, ba na kuma yarda in an ce min wane gida ya fi ƙarfin wane. Karin maganar ma ba a nemi wani ba, juyawa ya yi, ya koma ma'aunin abin da lokacinsa ya riga ya yi. Kwanan nan 'yata ta tambaye ni yaushe za mu karɓi benen sama mu buɗe ajin koyon ɗinki. Na ce mata, "Sai ranar da Kaka ta shiga banki." Sai ta ɗauki tsintsiya ta hau.