Wurare biyu a kan Isiyaku wanzami

Shekara talatin Isiyaku yana wanzanci a Attantane. Duk ɗan da aka haifa a unguwarsu shi ya yi masa askin suna, kuma ba a taɓa jin askarsa ta zame ba. Sai wata ranar kasuwa hannunsa na dama ya yi rawa, ya yanki kunnen Mai Nasara, abokinsa tun yarinta. Mai Nasara ya share jinin ya ce ba komai, amma bai sake zama gabansa ba. Sauran masu zuwa aski ma suka janye ɗaya bayan ɗaya.

'Yarsa Hafiza, ma'aikaciyar jinya a Tasawa, ita ta kai shi Yamai. Lokotoro ya ce cutar Parkinson ce, ya rubuta ƙwayoyi. Ƙwayoyin suka yi masa amfani shekara biyar. Daga nan maganin ya juya masa: in ya sha, jikinsa ya yi ta murɗewa, in ya sake shi ya sandare kamar icce.

Da suka koma, lokotoron ya zana ƙwaƙwalwa a takarda, ya ɗiga wurare biyu. Ya ce akwai aikin da ake dasa siririyar waya can cikin kai, a haɗa ta da batir a ƙarƙashin fatar ƙirji.

Ya nuna wuraren biyu ya ce, "Baba, in an sa wayar a na farko, za ka rage shan magani sosai, sai dai yakan taɓa magana ko halin mutum. Na biyun ya fi kwantar da murɗewar nan, ya fi sauƙi ga tunani, amma ƙwayoyi suna nan."

Isiyaku ya daɗe yana kallon takardar. "Na biyun nake so. Hannu ya tafi, a bar mini hankalina. Yaushe za a yi?"

Lokotoron ya aje biro. Ya ce su ba sa yin aikin, sai a ƙasar waje, kuma sai an riƙa komawa ana daidaita na'urar.

"To don me ka sa na zaɓa?" in ji Isiyaku.

Hafiza ta haɗa takardun neman a fitar da shi ƙasar waje. Suka shekara uku suna yawo daga wannan tebur zuwa wancan. Kafin a kira shi gwaji ya fara manta sunayen jikokinsa, yana ganin mutane a tsakar gida inda babu kowa. Amsa ta zo cewa mai irin wannan mantuwa ba a yi masa aikin, ko a na farko ko a na biyu.

Hafiza ta karanta wasiƙar a tsaye a bakin zaure, ta ninke ta. Da ta koma ciki Isiyaku ya tambaye ta, ta ce har yanzu shiru, Baba. Ta ɗauki ludayi ta ci gaba da ba shi fura, rabi na zubewa a rigarsa.