Karatun Tsaye

Jiya wani alhaji ya zo auna ɗakin karatun unguwarmu a Gashuwa, wai zai mai da shi siton bandar kifi. Sai na tuna tsohon da ke kula da ɗakin muna 'yan sakandare, rigarsa kullum tana ƙamshin tsohuwar takarda.

Na taɓa tambayarsa, "Baba, wane littafi zan ɗauka?"

Ya ce, "'Yar nan, karanta shafin farko a tsaye. In kin manta akwai kujera, naki ne."

Ranar har aka kira la'asar ban zauna ba.

Alhaji, a tsaye muka koyi karatu a nan, a tsaye kuma za ka same mu bakin ƙofa.

Allah ya haskaka kabarin Baba, ya bar mana ɗakinsa a buɗe.