Gafakar Malam Armaya'u

Malam Armaya'u, zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ina jin Kamukanci sarai. Na sha yin niyyar gaya maka, kunya na hana ni, har ranar tara ga Rajab da Allah ya karɓi ranka a nan Wagini. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kakata Tasalla, wadda aka kamo daga ƙasar Kamuku tana yarinya, ita ta koya mini a ɗaka. Na ɓoye don kada a ce da ni jikar baiwa. Kai kuwa, babban malami, shekara bakwai kana zama a ƙasa ƙofar gidanmu, ka ɗaga mata fartanya ko ludayi, ta faɗi sunansa, ka rubuta da ajami. Ina bayan zana, wai ina karatun waƙoƙin bege, alhali kunnena yana wurinku. In ka maimaita sai ta kwashe da dariya, ta ce ɗan maraƙi ya fi ka sakin harshe. Ka miƙa mata goro, ka sake gwadawa.

Da Liman Yero ya yi maka gorin ɗaukar karatu wurin baiwa, ka ce, "Mai kiran mutum zuwa ga Allah ya fara sanin yadda uwarsa ke kiransa." Da harshenta ka gaya mata ma'anar Fatiha. Ranar ta kasa cin tuwo don kuka.

Jiya ɗanka Sada ya buɗe gafakarka. Ya karanta takardun, bai ji Larabci a ciki ba, bai ji Hausa ba. Dattawa suka ce asiri ne. Tunda akwai Bisimilla a kai ba a yar da su, sai dai a binne gobe bayan sadakar bakwai. Kaka ta riga ka tafiya. In ban da ni, babu wanda ya san abin da ke ciki.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Inna Turai uwargidanka da Sada da dukan dangi, Allah ya ba ku haƙuri.

Na so in soke wannan takarda cikin ciyawar jinka, kowa kada ya gani. Na fasa. Yanzu zan yafa mayafi in kai wa Sada hannu da hannu, ya zaɓi duk warƙar da ya so cikin gafakarka ya karanta gaban dattawa, ni Zuwairatu jikar Tasalla in faɗi ma'anarta.