Waƙar Mahaifina Da Aka Ce Ba Tamu Ba Ce

Lokacin da abin nan ya same ni, ni dattijo ne da ya dawo gida Mairuwa bayan shekaru masu yawa yana fataucin fata da goro tsakanin Kumasi, Yamai da Abijan. Ina jin Larabci da Faransanci, Turancina ma ba laifi, shi ya sa nake ganin babu takardar da za ta ruɗe ni. Da na zauna, sai na sa wani mai shagon kwamfuta a Ƙanƙara ya buɗe mini shafi nawa na kaina a intanet, don jikokinmu da ke warwatse su san asalinsu. Abu mafi daraja a ciki shi ne hirar da na ɗauka da yayana, yana ba da tarihin gidanmu da gonakinmu, watanni kaɗan kafin Allah ya karɓi abinsa.

A ƙarƙashin muryarsa na sa aka haɗa wata tsohuwar waƙar noma. Wani makaɗi daga Sabuwa ne ya yi wa mahaifinmu ita ranar gayya, ya ambaci sunansa da kirarinsa, mahaifinmu kuma ya ba shi maraƙi da babbar riga a gaban jama'a. A wurinmu magana ta ƙare ke nan, wanda aka yi wa waƙa ya yi kyauta, waƙa ta zama tasa. Mai shagon ya tambaye ni cikin ladabi ko ina da izinin masu ita, na yi dariya na ce ya buɗe kunne ya ji uban wa ake kira a ciki. Bayan an ɗora, na goge asalin hirar daga wayata saboda ta cika. Mai shagon ma bai ajiye ba.

Sai ga saƙo daga masu riƙe da shafin, wai wani kamfani ya ce waƙar mallakarsa ce, in cire ta. Na karanta sau uku. A Abijan na taɓa ganin ana neman takardar izini wurin mai gidan abinci don ya kunna faifai, na ce wannan al'adar Faransawa ce, ba za ta zo ƙasarmu ta Faskari ba. Na mayar musu da amsa da Turanci mai zafi, har na ba su labarin maraƙin. Suka sake gargaɗi, na share su. Wata ranar kasuwa na buɗe don in nuna wa abokina, na tarar an rufe shafin.

Na tafi Sabuwa wurin babban ɗan makaɗin, domin shi makaɗin ya rasu tuni. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce ya san sunan mahaifina tun yana goye. Amma da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya sunkuyar da kai, ya ce in yi haƙuri Baba, wadda nake da ita ba ta ranar gayya ba ce. Tsohonsu ya sake rera ta daga baya aka ɗauka, ya sa hannu ya ba kamfanin. Ya ce ko su da ya haifa ba su isa su ɗora ta ba sai sun tambaya. Salati kawai nake yi.

Na rubuta ban haƙuri, aka buɗe mini shafin, amma an goge hirar gaba ɗaya, don murya da waƙa a haɗe suke. Yanzu hoton yayana ne kawai, bakinsa a buɗe yana shirin magana, ƙarƙashinsa babu komai.

Yawon duniya bai amfane ni a nan ba, girman kai ne ya hana ni tambaya ɗaya. Ina roƙon masu karatu, ko sunan mahaifinku ne a cikin waƙa, ku nemi mai ita, ku karɓi izini a rubuce kafin ku ɗora. Kuma muryar tsohonku, ku ajiye ta daban. Waƙar tana nan a kasuwa har gobe, muryar yayana ce babu inda zan samo ta.