Funfuna a Huhun Gwaggo

Jiya na buɗe ledar burodi na tarar ya yi funfuna, sai Gwaggo, yayar mahaifina, ta faɗo mini a rai. Ba ta kai komai baki sai ta shinshina shi. Takan ce hanci ne mai gadin ciki.

A daminar da ta yi jinyar sankarar jini a gidanmu na Abakpa, magunguna sun raunana garkuwar jikinta. Tari da zazzaɓi suka kama ta, aka yi ta ba ta maganin tarin fuka, babu sauƙi. Ita kuwa sai ta ɗora zargi kan maƙwabciyarmu mai kawo mata kunun gyaɗa.

Wata safiya na miƙa mata kofin, ta shinshina, ta ture.

"Ɗan nan, me matar nan take nema da ni? Tun da ta fara kawo kunun nan ƙirjina yake ciwo."

"Gwaggo, likita ya ce funfuna ce ta shiga huhunki."

Ta harare ni. "Ni tuwon jiya ce? Ko kai ma an haɗa baki da kai?"

Da ƙyar ta yarda da sabon maganin, lokacin jiki ya riga ya yi nisa. Bayan rasuwarta muka janye kabad ɗin ɗakin, muka ga bango baƙi ƙirin yana warin danshi. Ko daga nan ne funfunar ta shiga huhunta, likitan ma bai tabbatar ba.

Maƙwabciyar ce ta yi mata wankan gawa tana hawaye, ba ta san an taɓa zarginta ba. Allah ya yafe wa Gwaggo, ya sanyaya makwancinta.